Jawabin Magatakarda: Takardun Matanmu



Tun 1906 kakanninmu suka kafa Mai Wurno, har yau muna auro mata daga Kano da Maradi. Sai mu ɗaura aure a masallaci, mu manta da takarda. Ranar da maigida ya rasu, matar ba ta da ikama, shago ba sunanta, ga mai karɓar haraji a ƙofa.

Tun ran gini ran zane. Mu yi rajistar auren, mu karɓi ƙasima, sannan ikama a ofishin jawazat. Dokar jinsiyya ta 1994 ta ba matar ɗan Sudan damar neman jinsiyya bayan zaman shekara biyu da mijinta. Rasit ɗin haraji kuma, mu adana shi.

Allah ya rufa mana asiri.