KIWON ZAKARUN SHA'AWA A BAYAN GIDA: AMFANI, HAƊARI DA HANYAR GYARA

Jawabin da Kwamitin Noma da Kiwo ya gabatar a taron ƙungiya na shekara



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, matasa, da sauran 'yan uwa da suka taso daga Kazaure da Roni da Babura domin taya mu wannan zama, muna yi muku barka da zuwa Gwiwa.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan wata sabuwar sha'awa da ta shigo tsakanin matasanmu, wato kiwon manyan zakaru na waje a bayan gida. Wani zai ce me ya kawo maganar kaza a taron ci gaban ƙasa? Amsar ita ce, da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda ba shi da akurki. Kaza ita ce asusun uwar gida. Da ita ake sayen maganin yaro da littafin makaranta, da ita ake fita kunyar baƙo. Don haka duk abin da zai shigo cikin akurki, alheri ne ko sharri, ya shafi kowa.

Da farko, bari mu san irin kajin da ake magana a kansu. Dukkan kajin duniya sun samo asali ne daga wata kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya. A cikin jinsunan da ɗan Adam ya fitar, akwai waɗanda aka zaɓa tun zamanin da saboda ƙarfi da zafin rai. Mafi shahara su ne Asil na ƙasashen Indiya da Pakistan, da Shamo na Japan, da tsohon zakaran faɗa na Ingila. Ana gane su da tsayuwa a miƙe, da faɗin ƙirji, da kaurin ƙafa, da gajeren gashi mai manne wa jiki. A Ingila an haramta haɗa zakaru faɗa tun 1835, amma masu sha'awa suka ci gaba da kiwonsu domin ado da gasar nuni. Daga haɗin Asil da zakaran Ingila aka sami jinsin Kwanish, wanda shi ne ɗaya daga cikin kakannin kajin gidan gona na nama da muke gani a kasuwa yau. Akwai kuma Burahma mai gashi har ƙafa, wadda matasa ke tallata hotunanta a Facebook. Ita ba ta faɗa ba ce, ta ado ce, amma hanyar shigowarsu ɗaya.

Wajibi ne mu faɗi matsayinmu tun kafin mu yi nisa. Addininmu ya hana zuga dabbobi su yi faɗa, ya kuma hana caca. Ƙungiya ba ta goyon bayan duk wanda zai mayar da zakara abin wasan kuɗi a bayan gari. Kiwo domin sha'awa da ado da inganta iri kuwa abu ne mai kyau, muddin an bi ƙa'idarsa. Ƙa'idojin da muke gani guda biyar ne.

Na ɗaya, muhalli. Waɗannan zakaru ba sa jure ganin junansu. Tun suna 'yan watanni kaɗan suke fara tsokana, kuma idan manya biyu suka haɗu, sai ɗaya ya mutu ko ya nakasa. Saboda haka kowane zakara yana buƙatar kejinsa, da matansa biyu ko uku, a kuma tare tsakanin keji da keji da zana ko kwano domin kada su riƙa hangen juna. A kafa sanda ta kwana sama da ƙasa, a zuba yashi da toka a gefe domin birgima, wanda ke rage ƙwarƙwata da ƙuma. A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankinmu yakan wuce digiri 40, don haka inuwa da ruwa mai sanyi safe da yamma ba abin sakaci ba ne. Burahma ta fi shan wuyar bazara saboda yawan gashi. Asil da Shamo kuwa hunturu ne ke damunsu saboda ƙarancinsa, sai a tare musu ɓangaren gabas da arewa da buhu.

Na biyu, abinci. Babban zakara ba zai rayu da tonon bola kaɗai ba. Gero da dawa da dusa suna ba shi ƙarfi, amma gina jiki sai da ƙuli-ƙuli, ko waken suya da aka gasa, ko garin kifi, ko gara. A guji ba su ɗanyen waken suya da hatsin da ya yi fumfuna. Kazar da ke ƙwai tana buƙatar ɓawon ƙwai da aka ƙona aka daka, ko garin ƙashi. Wanda ba shi da abin ciyar da zakara goma, ya tsaya a kan biyu.

Na uku, lafiya, kuma a nan ne babban haɗarin yake. Kowa a cikinmu ya san annobar da ke share akurki a lokacin hunturu: kaza ta yi zugum, ta riƙa koren kashi, wuya ya murɗe, kafin mako ya zagayo unguwa ta yi tsit. Likitoci suna kiranta Niyukasul, da sunan wani gari na Ingila inda aka gano ta a 1926. Ƙwayar cutar ba ta jin maganin da muke jiƙawa a ruwa, ko na kanti ko na gargajiya. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Bom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin, har da wadda ake kira I-2, mai jure zafi, da ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Mu kuma tuna da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a farkon 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, ta kuma sake dawowa a 2015. Waɗannan cututtuka a kwando suke tafiya, daga kasuwa zuwa gida. Matashin da ya sayo zakara daga Kano ko Maigatari ya sake shi a tsakar gida a ranar, zai iya jawo wa maƙwabtansa asarar da ta ninka kuɗin zakaran sau da yawa. Ƙa'ida ita ce a keɓe duk sabuwar kaza na aƙalla mako 2 nesa da sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa ta a juji, kada a yanka marar lafiya a kai kasuwa. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Na huɗu, ƙyanƙyasa. Kazar Asil ba ta da yawan ƙwai, amma uwa ce ta gari, tana kwanci da kyau, tana kuma tsaya wa 'yan tsakinta a gaban shaho. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa kuwa kimanin kwana 28. Mafi yawan asarar da muke yi a makonnin farko take faruwa, tsakanin shirwa da muzuru da sanyi da raɓa. Idan aka killace uwa da 'ya'yanta na mako 4 zuwa 6 ana ba su tsaki da ruwa mai tsabta, za a ga bambanci. Hausawa na cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma wannan bai ɗauke wa mai kiwo nauyin rufe akurki da magariba ba.

Na biyar, kare irin da muka gada. Muna da kazar Fulani mai girman jiki, da fingi, da shazumama, da durgu mai gajerun ƙafafu. Waɗannan sun saba da zafinmu da ƙarancin abincinmu, suna neman na kansu, suna kwanci ba tare da inji ba. Idan aka saki baƙon zakara mai ƙarfi a unguwa, zai kori zakarun gida, cikin 'yan shekaru a wayi gari an cakuɗa iri ba tare da an san abin da aka samu ko aka rasa ba. Inganta iri aiki ne na natsuwa. Masanan cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su fitar da kazar ƙwai ta ShikaBrown. Mai son haɗa iri ya yi a cikin kejinsa, ya rubuta abin da ya haɗa da abin da ya fito, ya kuma ajiye wasu kajin gida ba tare da gauraye ba.

Daga ƙarshe, muna gabatar wa ƙungiya shawarwari uku. Kwalbar rigakafi guda tana isar kajin da suka fi na gida ɗaya yawa, kuma da zarar an haɗa ta ba ta daɗewa. Saboda haka muna roƙon a ware ranakun rigakafi na bai-ɗaya sau uku a shekara, ɗaya daga ciki kafin shigowar hunturu, tare da haɗin gwiwar sashen noma na ƙaramar hukuma. Sannan a zaɓi matasa maza da mata a kowace mazaɓa a koya musu ɗiga maganin, domin matan ne za su iya shiga gidaje inda mafi yawan kajin suke. Haka kuma a shirya nunin kaji a taronmu na baɗi, a ba da kyauta ga zakaran da ya fi lafiya da kyan tsayuwa, da kuma uwar gidan da ta fi raya 'yan tsaki, domin matasanmu su sami fagen gasa mai tsabta.

Muna roƙon iyayenmu masu sarauta da malamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo a masallatai da majalisu. Allah Ya albarkaci kiwonmu da nomanmu, Ya ba ƙasar Gwiwa da jihar Jigawa zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.