Atamfar tamu ce, amma wa ke saƙa ta?

Yau maganar atamfa za mu yi.

In kuna kusa da akwati, ku ɗauko turmi ɗaya ku duba. Galibin atamfar da ake jibgewa a Kantin Kwari yanzu daga Chaina take zuwa. Shaddar da angwaye ke taƙama da ita, wato Getzner, a Ostiriya ake saƙa ta. Kai, ita kanta atamfar baƙuwa ce. Salon zanen mutanen Indonesiya ne, Turawan Holan suka kwaikwaye shi da inji suka kawo Afirka ta Yamma, mu kuma muka rungume ta har ta zama ba a haɗa lefe sai da ita.

Shi ya sa ban cika yarda da masu cewa cuɗanyar duniya ta cinye mana al'ada ba. Tun zamanin ayarin raƙuma tufafin da aka rina a Kano suke ratsa Sahara. Al'adar tana nan daram, anko ma sai ƙaruwa yake. Abin da ya tafi shi ne aikin.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. Manomin auduga a Funtuwa ya san inda kayansa za su je, mai tuwo a bakin get ta san ranar albashi. Sai aka zo 1986, tsarin SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Chaina ta shiga a 2001. To ku kwatanta: masaƙar da ke kwana kan janareta da baƙin mai, ta yaya za ta yi gogayya da wadda wutarta ba ta ɗaukewa? Ga fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe, har UNTL, babbar cikinsu, ta tsaya a 2007.

Kuma don Allah kar mu ɗora wa uwar da ke sayen mai araha laifi. Mai 'ya'ya biyar ga Sallah ta matso, kishin ƙasa ba zai ɗinka musu kaya ba.

Wasu za su ce a rufe boda kawai. An rufe ai, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kun ga Kakuri ta farfaɗo?

Ni dai duk ɗan takarar da ya zo mana da alƙawarin farfaɗo da masaƙu, tambaya biyu zan yi masa: daga ina wutar za ta zo, kuma nawa za a sayi audugar manomi? In ya fara kame-kame, ku bar shi da hularsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, za mu leƙa majemun Kano mu ga inda fatarmu ke tafiya.