Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi: Darasin Ciniki Daga Minna



Maganar da zan yi yau a nan Minna ta shafi tambayar da kowane mai nema yakan yi wa kansa: cikin sana'o'in da na iya, wacce zan riƙe, wacce zan bar wa wani? Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gonar da ka shuka doya a cikinta bana ba za ta ba ka shinkafa ba. Saboda haka masana tattalin arziki suka ce tsadar abu ba kuɗin da ka biya kaɗai ba ne, har da amfanin abin da ka bari domin ka same shi.

Wani masani a Ingila, David Ricardo, ya ɗora wannan hukunci a kan cinikin ƙasashe cikin littafinsa na 1817. Ya yi misali da Ingila da Fotugal. A Fotugal mutum 90 ke saƙa yadin shekara, mutum 80 ke yin ruwan inabi. A Ingila kuwa yadin nan sai mutum 100, ruwan inabin sai 120. Watau Fotugal ta fi Ingila a duka biyun. Duk da haka, in ta aika da aikin mutum 80 ta karɓi yadin da zai ci mata mutum 90, ta tsira da goma. Ingila kuma ta ba da aikin mutum 100 ta karɓi abin da zai ci mata 120, ta tsira da ashirin. Ashe ba sai ka fi kowa iya abu za ka ci ribarsa ba. Abin dubawa shi ne inda hasararka ta fi sauƙi. Telan da ya fi yaronsa iya guga ba ya barin keke ya ɗauki dutsen guga, don ɗinkin da zai rasa ya fi ladan yaron.

Kakanninmu ba su karanta Ricardo ba, amma sun yi aiki da hukuncinsa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ratsa Minna ta isa Kano cikin 1911. Turawa sun sa rai auduga za ta ɗauko wa masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano suka yi lissafi: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi a kan wahalarta, in kuma kasuwa ta ƙi a ci abinta. Cikin 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Amma a lura, fifiko irin wannan ba gadon dindindin ba ne. Farin 1973, da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975, da kuɗin man fetur da ya janye matasa zuwa birane, su suka taru suka rushe dalar nan.

To, mu dawo Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro cikin 1976, wadda kuma ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa. Allah ya hore mata doyar Paiko da Gwada, da shinkafar fadamun Bida, inda cibiyar binciken hatsi ta ƙasa take a Badeggi, da itatuwan kaɗanya masu ɗimbin yawa. Ikko tana da tashar jiragen ruwa da miliyoyin bakuna, amma ba ta da isasshen filin noma. Ku da kuke sauke doya da shanu a Mile 12 da Agege, kuna ɗoro goro zuwa Arewa, ku ne gadar wannan musaya.

Batun kaɗanya shi ne ya fi bukatar natsuwa. Matan karkara ke tsintar ƙwarar, a fitar da ita ɗanya, a tace man kaɗe a ƙetare, a sa a cakulan da man shafawa, riba mai tsoka ta tsaya can. Ran 26 ga Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyar ƙwara har wata shida, don masana'antun gida su sami abin sarrafawa. Niyyar tana da hujja, gama ƙasar da ta tsaya ga sayar da ɗanyen kaya ba ta cika yin arziki ba. Sai dai cikin 'yan kwanaki farashin ƙwara ya faɗi ƙwarai. Wa ya biya wannan ragi? Matar da ta yi sammako cikin raɓa da tsoron maciji. Abin da mai masana'anta ya samu, daga ƙwaryarta aka ɗebo shi.

Hana fitar da kaya ba ya gina fifiko shi kaɗai. Abin da ke gina shi shi ne rage tsadar sarrafawa. Ga madatsar Kainji tun 1968, ga Shiroro tun 1990, ga ta Zungeru, duk a jihar nan. In wutar nan ta tsaya a injinan Minna da Bida da Kontagora, aka gyara hanya, aka tsare manomi daga 'yan bindiga, mai injin zai iya sayen ƙwara da daraja ba sai an taushe farashi ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, duk mai niyyar aiko da jarinsa gida ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya saki kwabo: me garinmu ke yi da sauƙi fiye da sauran wurare, me kuma zan rasa in na zaɓi wannan? Kada don maƙwabci ya buɗe gidan mai kai ma ka ce sai shi, alhali injin casar shinkafa ƙauyenku ke nema. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Allah ya sa mu dace, ya mai da kowa masaukinsa lafiya. Wassalam.