Ruwa ba ya tsami banza: abin yi idan magudanar gida ta toshe

 

Da aka ba ni dama in yi magana a wanga taro, na zaɓi batun da ƙila zai ba wasu dariya: toshewar magudanar ruwa a gida. Ina nufin rariyar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida, da tiyon wurin wanka, da na wurin wanke-wanke, har da na wurin alwala a masallatanmu. Ku yi haƙuri ku saurara, don abin ba ƙarami ba ne. Ruwan da ya kwanta a gindin katangar ƙasa cin ta yake a hankali, damana ta zo ta ƙarasa. Sauro kuma, a zafin ƙasarmu, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara yawo. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta taɓa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ta nuna mana abin da ke biyo baya idan ruwan ƙazanta ya haɗu da ruwan sha.

To, me ke toshe magudana? Mu ne. A wurin wanke-wanke, kitse da mai suna shiga da ɗumi, su huce a cikin tiyo, su daskare. Sai guntun tuwo, da shinkafa, da toka ko yashin da aka goge tukunya da shi su manne a kai. Samari, har da ganyen shayin da muke juyewa bayan an tashi daga fada. A wurin wanka, gashi ne da sauran sabulu ke kitse kansu kamar igiya. A rariya kuwa, yashin da iska ta kwaso, da shara, da leda. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da leda mara kauri da sayar da ita a Nijar, amma kowa ya leƙa kwatar unguwarsu ya san inda aka kwana.

Kafin ka taɓa komi, ka duba: wuri ɗaya ne ruwa ba ya tafiya, ko ko'ina a gidan? In wuri ɗaya ne, toshewar tana kusa, hannunka zai kai. In ko'ina ne, zan dawo kan wannan.

Ka fara da mafi sauƙi. Sa safar hannu ta roba, ko ka ɗaura leda mai kauri, ka cire murfin bakin magudanar, ka kwashe abin da ido ke gani. Ɗauki waya ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ka zura, ka juya, ka jawo. Ku lura, jawowa ake yi. Wanda ya ɗauki sanda yana cusawa, tura dattin yake inda hannu ba zai kai ba.

In maiƙo ne, ruwan zafi da omo suna narkar da shi. Ka zuba a hankali, sau biyu ko uku. Amma in tiyon na roba ne, kar ka juye tafasasshen ruwa daga kan wuta, ka bar shi ya ɗan huce, don yana iya lanƙwasa tiyon ko ya saki mahaɗarsa.

In bai wuce ba, akwai robar nan mai kama da ƙwarya da ke da sanda, wadda ake samu a shagunan kayan famfo. Ka bar ruwa ya rufe bakin robar, in akwai wani ƙaramin rami a gefen kwanon ka toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ka danna ka saki da ƙarfi kamar sau 15. Ruwan da ke kai da komo shi ke girgiza toshewar.

Masu kwanon wanke hannu ko na wanke-wanke, ku duba ƙarƙashinsa, za ku ga tiyo ya lanƙwashe ko kuma wani abu kamar ƙaramar kwalba. Shi ne sifon. An yi shi don ya riƙe ɗan ruwa, ruwan nan ya tare wari da kyankyasai kar su hawo. A nan datti ya fi taruwa. Ajiye bokiti a ƙasa, ka kwance shi da hannu, ka wanke, ka mayar tare da zoben robarsa, in ba haka ba zai yi yoyo.

Na san da yawa kun ga a waya ana haɗa bikarbonat da binegar. Kumfar tana da ban sha'awa, tana rage wari, amma ba ta cire dunƙulen gashi ko leda.

Yanzu ga inda nake roƙon ku buɗe kunne. Wasu in sun gaji sai su nemi soda mai ƙuna ko ruwan batir su juye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Soda tana zafi in ta haɗu da ruwa, tana iya fallatsowa ta ƙone fata ko ta makantar da ido. Jabel kuwa, in ya haɗu da ruwan batir ko binegar, yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, balle a makewayi mara taga. Kar a taɓa haɗa magani biyu, kar kuma a danna robar can bayan an zuba magani. In ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, a garzaya likita. In ka kira mai gyaran famfo, ka faɗa masa abin da ka zuba tun kafin ya sa hannu. Amana ce.

Na ce zan dawo kan gidan da ko'ina ruwa ya tsaya. Nan ko dai babban tiyo ne ya toshe, ko ramin da ke karɓar ruwan dattin ya cika. Wani lokacin kuma laifin gini ne: tiyo na bukatar gangara kamar santimita 2 a kowane mita, in babu, yau ka buɗe gobe ya toshe. Wannan aikin masu sana'a ne. Ina roƙonku, kar jarumtaka ta sa wani ya shiga ramin da kansa. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya bi shi don ceto shi ma can yake zama.

Rigakafin ba shi da tsada. A sa ɗan raga a bakin kowace magudana. A kankare kwanuka cikin shara kafin a wanke. Ragowar mai a zuba a gwangwani. Ƴan uwa mata, gashin tsifa da taje kai a tattara shi, kar ya bi ruwa. Ƴan uwa maza, yashe rariya bai kamata ya zama aikin iyayenmu mata ba, ga mu da ƙarfinmu.

Abu na ƙarshe: ruwan da ka kora daga gidanka bai ɓace ba, ƙofar maƙwabcinka ya nufa. Gidaje nawa suka daina gaisawa saboda ruwan wanka? Haƙƙin maƙwabci kun san nauyinsa fiye da yadda zan faɗa. Shawarata ga ƙungiya ita ce, kowane reshe ya ware rana ɗaya a watan Mayu, kafin ruwan farko, a fito da shebur da baro, a yashe wurin alwalar masallaci da kwatar layi, a leƙa gidajen tsofaffin da ba su da mai yi musu. Abin da aka kwaso kuma a kai shi juji, don in an tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya sa damana mai zuwa ta zama ta alheri.