Furen Da Ya Dace Da Ƙasarmu: Jawabi A Taron Shekara



Bara kun tara kuɗi an shimfiɗa wa harabar makarantarmu ciyawar ado irin ta gidajen birni. Kafin bazara ta ƙare, ta bushe ƙurmus. Ba mu ga laifin kowa ba, domin rijiyar da mutane da dabbobi ke layi a kanta ba ta da rarar da za ta bai wa ciyawa.

Saboda haka muke tunatar da ku wani tsiro da muka fara sani tun muna kwalejin horon malamai, wanda masana ke kira fotulaka. Ɗan'uwan fasa-ƙaba ne, wannan da ke fitowa a jujinmu, sai dai shi asalinsa Kudancin Amurka ne, wajejen Ajantina da Birazil. Ganyensa sirara ne masu kauri, a cikinsu yake adana ruwa. Ba ya yin tsawo, da wuya ya wuce santimita 20. Yaɗo yake yi har ya rufe ƙasa kamar tabarma. Furensa kuwa, ja da rawaya da fari, sai hantsi ya dubi ludayi yake buɗewa, ya rufe da yamma. Mutanen Birazil ma "ƙarfe sha ɗaya" suke kiransa. Lokacin muna shugabancin makaranta, har yara kan kalle shi su ce tara ta wuce.

Shukarsa ba wuya. A tsinko reshe kamar tsawon yatsa, a soka a ƙasa mai yashi inda rana ke duka sosai, a ɗan yayyafa ruwa har ya kama. Daga nan sai ƙasar ta bushe a sake ba shi. Yawan ruwa ne ke kashe shi, domin saiwarsa ruɓewa take yi a taɓo, kuma a inuwa ba ya fure. Ba ya jure tattakawa, don haka gefen azuzuwa da gindin tuta za mu sa shi, filin wasa kuwa a bar wa yara.

Roƙonmu a bana ba na kuɗi ba ne. Da yawanku kuna wuce masu sayar da furanni a bakin titi kullum. Duk mai zuwa gida kafin damina, ya riƙo mana rassa kaɗan a kwali.