Zobe A Ƙafar Mikiya: Jawabi Kan Tafiye-tafiyen Tsuntsaye



Wannan jawabi ya shafi wata irin mikiya mai farin kai da ke zaune a Amurka ta Arewa, da yadda ɗan zobe a ƙafarta ya bayyana nisan tafiyar 'ya'yanta. Ita ce ke jikin hatimin Gwamnatin Amurka tun shekarar 1782. Faɗin fikafikanta in ta buɗe su yakan kai mita 2, kifi kuwa shi ne yawan abincinta. 'Ya'yanta launin ƙasa-ƙasa gare su, kansu ba ya yin fari sai sun shekara 4 ko 5. A cikin waɗannan shekaru na ƙuruciya ne suke yawan yawo.

Dabarar sa wa tsuntsu zobe mai lamba wani malamin makaranta ne na ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya tsara ta a shekarar 1899. Akan ɗaura zoben gorar-ruwa marar nauyi a ƙafar tsuntsu, a rubuta lambarsa da rana da wuri a littafi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun daga baya, sai ya aika da lambar. A Amurka an kafa ofishin gwamnati mai tattara waɗannan lambobi a shekarar 1920.

Mutumin da ya fi shahara da wannan aiki a kan mikiya shi ne Charles Broley, wani manajan banki na birnin Winnipeg a ƙasar Kanada. Bayan ya yi ritaya, yana dab da shekara 60, sai ya soma hawan dogayen itatuwa da tsanin igiya a gaɓar yammacin Jihar Fulorida, a shekarar 1939. Mikiyar Fulorida da hunturu take ƙwai, saboda haka a watannin farkon shekara yakan tarad da 'ya'yan a sheƙa, ya sa musu zobe tun ba su iya tashi ba. Cikin shekara 20 ya sa wa fiye da 1,200.

Kafin wannan, masana da yawa sun ɗauka cewa mikiyar Fulorida ba ta barin jiharta. Zoben ya warware wannan zato. Tun a shekarar farko aka harbe ɗaya a Jihar Niyok, fiye da mil 1,000 daga sheƙar da aka ƙyanƙyashe ta, tana 'yar watanni kaɗan. Wata kuma sai a tsibirin Prince Edward na Kanada aka same ta, wajen mil 1,600. Broley ya buga sakamakon a shekarar 1947. Ashe da zarar 'ya'yan sun yi ƙwari, sai su nufi arewa su ci bazarar can, sa'an nan su komo kudu in sanyi ya gabato.

Amfanin aikin bai tsaya nan ba. Da yake kowace shekara yana zagaya sheƙuna ɗaya, yana cikin waɗanda suka fara lura cewa ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa. A da yakan sa wa 'ya'ya wajen 150 zobe a shekara; a 1958 kuwa sai da ya bi gaɓar teku fiye da mil 100 kafin ya sami ɗa guda. Ya zargi maganin ƙwari mai suna DDT, bincike kuma ya tabbatar da zarginsa. Maganin yakan gangara cikin ruwa, ya taru a jikin kifi, mikiya ta ci, sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe a ƙarƙashinta. A shekarar 1963 ma'aurata 417 kaɗai aka ƙidaya masu sheƙa a jihohi 48 na Amurka. Gwamnati ta hana amfani da DDT a gonaki a 1972, aka kuma tsananta tsaron sheƙuna. Sannu a hankali mikiyar ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu a 2007.

Ita wannan mikiya ba ta zuwa Afirka, amma zobe yana zuwa. Kowace shekara tsuntsaye masu yawa suna ƙetare Hamadar Sahara daga Turai, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tabkin Cadi, waɗansunsu da zobe a ƙafa. A cikin gida ma, cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana sa irinsa.

Saboda haka ana roƙon mafarauta da masunta da manoma su lura. Zoben ba laya ba ne, ba kuma alamar sihiri ba ce, ba shi da kuɗi in an sayar. Kada a kashe tsuntsu domin a cire shi. Wanda ya sami tsuntsu mai zobe, ya kwafe dukan lambobi da haruffan da ke jiki, ya rubuta rana da sunan gari, ya kai wa ma'aikacin gandun daji mafi kusa. In tsuntsun yana da rai, a sake shi da zobensa. Haka kuma manoma su bi shawarar malaman gona wajen fesa maganin ƙwari, kada a wanke injin feshi a rafi ko tafki, gama ruwan da kifi ke ciki shi mutane da dabbobi ke sha.

Allah ya sa a gane, ya kuma ba da ikon kiyayewa. Wassalam.