Zumunci Garkuwar Hankali: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara-Shekara

 

Shekara da shekaru, idan muka hallara a wannan zaure, maganarmu ba ta wuce hanya da rijiya da rufin makaranta. Duk waɗannan alheri ne. Amma yau ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan wani abu da ba a aza masa harsashi da siminti, wato lafiyar hankali da kwanciyar zuciyar mutanenmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Iyayenmu ba su san kalmomin likita ba, amma sun san cewa kaɗaici cuta ne, shi ya sa suka kewaye mutum da jama'a tun daga ranar suna har ranar jana'iza. Wanda ciyawa ta ci ƙarfin gonarsa, sai a kira masa gayya, kafin azahar an nome ta, ya koma gida da sanin cewa yana da mutane. Mace ta haihu, dangi su ɗauke mata daka da ɗiban ruwa har ta yi arba'in. Aka yi rashi, maƙwabta su kawo abinci, su zauna da masu makoki. Adashi yana fitar da mai ƙaramin ƙarfi kunya, wasan taubasai kuwa yana sa mai fushi dariya ko bai so ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan zuciya ɗaya ba ta ɗaukar baƙin ciki.

Ilimin zamani bai ƙaryata su ba. A shekarar 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, su je asibiti karɓar magani, su dawo su kwana cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe kuma, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu ciwon damuwa, aka gwada aka ga amfaninsa. Ashe abin da kakanninmu ke yi a gindin tsamiya aiki ne babba.

To, ina muka kwana? Injin ya maye gurbin gayya, wayar hannu ta maye gurbin ziyara, alhali zumunta a ƙafa take. Da yawanmu mun bar tsofaffi a gida, muna aika kuɗi muna ganin mun sauke nauyi. Kuɗi yana sayen hatsi, ba ya sayen hira. Su kuma samarinmu da suka shiga birni neman abinci, suna kwana a shago ko a tasha, babu mai tambayar su yaya suka tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin. Ba sai an ba mu labari ba, tun da a ƙasar Kiru gwamnatin jiha ta kafa makarantar gyaran tarbiyyar masu shaye-shaye.

Kada a fahimce ni a karkace. Zumunci ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara faɗin ya gaji da duniya, ko mai jegon da ta ƙi jaririnta, a yi masa addu'a, kuma a kai shi asibiti. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen masu wannan larura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta shafe tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya mutuncinsa. Ɗaure mutum da mari a ɗaki saboda gudun abin kunya ba jinya ba ce, zalunci ne.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Na farko, kowane reshe na birni ya rubuta sunayen 'ya'yanmu da ke garin, ɗalibai da 'yan ƙwadago, a damƙa kowane matashi a hannun wani dattijo da zai riƙa neman sa ko da sau ɗaya a wata. Na biyu, a kafa kwamitin ziyara, maza da mata, mai leƙa tsofaffi da zawarawa da marayu, daga Ƙofa zuwa Kwanar Ɗangora, daga Tudun Wadar Ɗankadai har Riruwai. Na uku, a ware wani kaso na asusunmu domin kuɗin mota da magani ga iyalin da ke jinyar mai taɓin hankali, kuma idan ya warke a sama masa sana'a, a daina kiran sa da sunan cutarsa.

Jama'a, dubi madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ƙananan ƙoramu ne suka haɗu suka cika ta, yau tana shayar da gonaki har Kadawa da Kura. Gaisuwarka da ziyarata ƙananan ƙoramu ne. Idan muka tara su, babu ɗanmu da zai bushe shi kaɗai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana haɗin kai, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.